Yadda Ake Yi Wa Katin Gaisuwa Da Shafin Kundin Hotuna Ado Mai Tudu

Ka ajiye kati biyu a kan tebur, takarda iri ɗaya, launi ɗaya, fure ɗaya. A na farko an manne komai ya kwanta luf. A na biyu an ɗaga furen daga jikin katin da kamar milimita 2. Duk wanda ya zo wucewa, na biyun zai fara kai wa hannu, kuma 'yar inuwar nan da ta faɗa a gefen furen ce ta ja shi. Aikin tudu gaba ɗaya neman wannan inuwa ne, tare da tabbatar da cewa abin da ka ɗaga yana da abin da zai riƙe shi daga ƙasa. Na ɓata takarda mai yawa kafin na yarda cewa tudu kaɗan mai ƙwari ya fi tudu mai tsayi da zai lotse tun kafin katin ya kai hannun mai shi.

Zan yi bayanin ne a kan ƙaramin kati mai ninki ɗaya, domin shi ya fi sauƙi ga mai koyo. Abin da ya bambanta a shafin kundin hotuna na ware masa mataki nasa can gaba.

Kayan aiki

- Takarda mai kauri don jikin kati. A jikin fakiti ana rubuta nauyinta da gsm, wato giram nawa ne a kowane murabba'in mita. Takardar da ake buga rubutu da ita 80 gsm ce, ba za ta ɗauki nauyin ado ba. Nemi 250 zuwa 300 gsm.
- Takarda mai launi ko mai zane, 120 zuwa 160 gsm, don furanni da ganye da hawa na sama, wato takardun da ake ɗorawa a kan jikin katin.
- Salatif mai soso, wanda fuskokinsa biyu duk suna da gam. Yana zuwa a naɗe ko a yanke ƙanana, kauri milimita 1, 2 ko 3. Idan ɗaya kawai za ka saya, ɗauki na milimita 2.
- Salatif mai fuska biyu marar soso, da farin gam na ruwa irin PVA.
- Almakashi babba da ƙarami mai tsini, wuƙar yankan takarda mai sabuwar reza, rula ta ƙarfe, da abin da za ka shimfiɗa ka yi yanka a kai.
- Fensir, magogin fensir, biro da tawadarsa ta ƙare, tsinken sakace, da hantsaki don ɗaukar ƙananan abubuwa.
- Tawada ko fensir mai launi da ɗan auduga, don duhunta gefen takarda.

Idan ba ka samu salatif mai soso ba, kada aikin ya tsaya. Tara guntayen takarda mai kauri da suka rage, ka manne uku a kan juna, za su ba ka kusan milimita 1, shida kuma kusan milimita 2. Ni har yanzu wannan nake amfani da shi a ƙarƙashin manyan hawa, don ba ya lotsewa kamar soso. Guntun kwalin katan ma yana yi a kan kati, amma kada ka kusantar da shi da hoto, dalilin yana tafe.

Mataki na 1: Jikin katin

Yanka takardar A4 gida biyu ka samu A5, wato santimita 14.8 da 21. Idan ka ninke ta, fuskar katin za ta zama santimita 10.5 da 14.8, daidai da ambulan mai girman da ake kira C6.

Kada ka ninke takarda mai kauri da hannu kai tsaye, bayanta zai tsage ya yi fari-fari. Auna tsakiya, ka ɗora rula, ka ja layi da mataccen biron nan sau biyu ko uku da ɗan ƙarfi har ya yi kwari, sannan ka ninke ka murje ninkin da bayan cokali. Takarda tana da hanyar da zarurrukan cikinta suke bi. Ka ɗan lanƙwasa ta ta tsaye, ka sake ta kwance, ɓangaren da ya fi saurin biyuwa shi ne hanyar. Ninkin da ya bi hanya ya fi fita sumul.

Mataki na 2: Tsara komai kafin ka taɓa gam

Wannan shi ne matakin da masu koyo suka fi tsallakewa, kuma shi ne yake raba katin da ya tsaru da wanda aka yi wa lodi. Jera duk abin da ka yanka a kan fuskar katin haka nan, ka matsa wannan, ka cire wancan, har idonka ya natsu. Sannan ka tambayi kanka abu ɗaya: me nake so a fara gani? Wannan abin shi zai hau sama da kowa. Sauran su zauna ƙasa da shi.

Hawa uku sun isa. Na ƙasa shi ne bango, a manne yake. Na tsakiya an ɗaga shi da milimita 1 ko 2. Na sama shi ne furen ko kalmar gaisuwar, da ƙarin milimita 2. Idan aka ɗaga komai daidai da juna, inuwoyin sai su cakuɗe, ido ya rasa inda zai sauka, ka koma inda ka fito bayan ka ƙarar da soso.

Idan tsarin ya yi maka, ɗauke shi hoto da waya, ko ka sa ɗan ɗigo da fensir a inda kusurwoyi za su zauna. Da zarar ka kwashe kayan don mannawa za ka manta yadda suke.

Mataki na 3: Hawan ƙasa

Yanka takarda mai launi santimita 10 da 14.3, ka manna a fuskar katin. Za ta bar siririn gefe na milimita 2 da rabi a kowane ɓangare. Idan kana son hawa na biyu, sake rage milimita 5 a tsaye da kwance, ya zama 9.5 da 13.8. Ko babu soso, wannan jerin gefen kaɗai yana sa kati ya yi zurfi.

A nan salatif mai fuska biyu ya fi gam na ruwa. Farin gam yana da ruwa a cikinsa, takarda tana sha ta kumbura, idan ta bushe sai ta kantare. In shi kaɗai gare ka, ɗebo kaɗan da tsinke ka shafa siriri a gefe-gefe, ka manna, ka danne da littafi mai nauyi na minti 15 ko fiye.

Kafin ka manna kowane hawa, dangwali tawada da auduga ka goga a bakin takardar kawai, launin da ya ɗan fi nata duhu. Wannan yana ɓoye farin bakin yanka, yana kuma ƙara wa inuwar ƙarfi. Minti ɗaya yake ci, amma bambancinsa a fili yake.

Mataki na 4: Ɗagawa da soso

Juya abin da za ka ɗaga ta baya. Sa guntun soso a kowace kusurwa, ka shigo da shi ciki da milimita 3 zuwa 5 daga baki don kada a hango shi daga gefe. Sannan ka sa ɗaya a tsakiya. Wannan na tsakiyar shi ake yawan mantawa, kuma rashinsa ne ke sa fuskar kati ta yi kwari da zarar an danna ta da yatsa. Idan abin yana da faɗi, kada ka bar tazarar da ta wuce santimita 3 ko 4 babu matashi a ƙasa. Gwajin mai sauƙi ne: kafin ka ɓare takardar bayan soson, kifa abin a kan tebur ka bi shi da yatsa kana dannawa. Duk inda ya nutse, ƙara guntu.

Soso ba ya yafiya. Da ya taɓa takarda ya kama, idan ka ja sai ya ɗaye fuskarta. Dabara biyu nake yi. Ta farko, na ɓare takardar baya rabi kawai na lanƙwaso ta waje, na daidaita abin a inda nake so, na danne gefe ɗaya, sannan na zare sauran a hankali. Ta biyu, na ɗan shafa gam a kan fuskar soson bayan na ɓare, sai ya ba ni 'yan daƙiƙoƙi ina iya zame abin hagu ko dama kafin ya kama. Idan duk da haka ya karkace, kada ka fizge. Zura zare a ƙarƙashi ka ja shi gaba da baya kamar zarto har ya raba soson biyu, sannan ka murje ragowar da yatsa.

Akwai wani wuri da ya kan ruɗa mai koyo. A ce ganye ne rabinsa yana kan hawan da ka riga ka ɗaga, rabinsa kuma ya leƙo waje a kan bango. Idan ka sa soso a bayansa duka, zai tsaya a karkace. Ɓangaren da ke kan hawan gam kawai yake so. Ɓangaren da ya leƙo shi za ka sa wa soso, mai kauri daidai da wanda ke ƙarƙashin hawan. Da haka ganyen zai zauna a miƙe, kuma bakinsa ba zai karye ba.

Farin soso yana haskawa a ƙarƙashin takarda mai duhu. Akwai baƙi a kasuwa, in babu sai ka bi gefen farin da baƙar maka, wato alƙalamin tawada mai kauri, kafin ka manna. Almakashi kuma yana yin danƙo idan ana yanka soso da shi, ka riƙa goge shi da ɗan sifirit a auduga, ko ka ware tsohon almakashi don wannan aikin kaɗai.

Mataki na 5: Haruffa da siraran yanka

Harafi ko siririn reshe ba shi da faɗin da zai ɓoye soso. Abin da ake yi sai a yanka siffar iri ɗaya sau uku ko huɗu daga takarda mai kauri, a manne su a kan juna, mai launin a sama. Ɗiga gam da bakin tsinke, ka daidaita gefunan da yatsu biyu tun gam bai kama ba. Abin da zai fito yana da ƙarfi kamar katako siriri, ba ya lotsewa ko an danne shi. Masu injin yanka irin su Sizzix Big Shot sun fi samun sauƙi, don duk yankan zai fito daidai. Da hannu kuwa, yanka na farko ka mai da shi abin awo, ka zana sauran da shi, na ƙasan ka ɗan rage su kaɗan don kada su leƙo.

Mataki na 6: Ba wa fure da ganye siffa

Nan ne na fi jin daɗin aikin, domin babu abin da ake saya, takardar ce da kanta take tashi.

Yanka fure mai kunne biyar ko shida, girma uku: babba, matsakaici, ƙarami. Ɗora babban a kan abu mai taushi, kamar tsumma da aka ninka sau huɗu ko guntun soso. Ɗauki wani abu mai dunƙulallen kai, gindin biro ko na buroshi, ka danna tsakiyar kowane kunne kana juyawa a da'ira. Za ka ga kunnen yana tasowa yana yin kwari kamar cokali. Ka gama da tsakiyar furen, danna ta sosai, kunnuwan duka za su miƙe sama. Haka za ka yi wa sauran biyun. Wajen haɗawa, kada kunne ya hau kan kunne, juya na sama kaɗan ya zauna a tsakanin biyun da ke ƙasa. Ɗigon gam ɗaya a tsakiya ya wadatar. Idan ka shafe bayan furen duka da gam, ka kwantar da abin da ka sha wahalar tayarwa.

Idan kana son bakin kunnen ya naɗe baya, naɗa shi a jikin tsinke ko fensir ka riƙe na ɗan lokaci. Ganye kuwa ka ja masa layi a tsakiya da mataccen biro, ka ninke kaɗan, ka buɗe. Takardar da ta haura 200 gsm tana karyewa maimakon ta lanƙwashe. In ita kaɗai ke hannunka, hura mata iskar baki ko ka shafa yatsa mai ɗan danshi a bayanta kafin ka fara, amma kada ta jiƙe.

Furen da aka yi wa siffa cikinsa fanko ne, nauyi kaɗan zai baje shi. Cusa ɗan guntun soso a ƙarƙashin kunnuwan babban, can ciki inda ba a gani.

Mataki na 7: Tudu daga jikin takardar kanta

Ana iya sa zane ya taso daga takarda ba tare da an manna komai ba. Huda siffar da kake so a jikin kwali mai kauri, ko kwali biyu a manne, ya zama ramin zuciya ko tauraro ko harafi. Manna wannan kwalin a fuskar takardarka da salatif marar ƙarfi, yadda kake so zanen ya karantu. Juya su tare ka jingina a gilashin taga da rana, bayan takardar yana kallonka. Haske zai nuna maka ramin. Goga kyandir kaɗan a bayan takardar don biro ya riƙa zamewa, sannan ka bi bakin ramin da mataccen biro a hankali, zagaye biyu ko uku. Bakin kawai za ka bi, tsakiyar za ta taso da kanta. Danna da ƙarfi lokaci ɗaya yana huda takarda. Haske ba ya ratsa takarda mai duhu, don haka ka fara koyo da fara.

Akwai kuma tudu mai sheƙi da ake yi da garin roba. Ana buga hatimi da tawada mai jinkirin bushewa irin VersaMark, a barbaɗa garin, a kakkaɓe ragowar, a gasa da na'urar zafi ta wannan aiki har garin ya narke ya yi ƙyalli. Na'urar busar da gashi ba ta yi, iskarta tana kwashe garin kafin ya narke. In babu na'urar, riƙe takardar da hantsaki a saman dutsen guga mai zafi ba tare da ta taɓa shi ba, ka janye da zarar launin ya canza. Wanda ba shi da garin ma yana da mafita: ya zana layin da farin gam daga bakin kwalba mai tsini, ya bar shi ya kwana, washegari ya bi kansa da fenti.

Mataki na 8: Abin da ke tashi idan an buɗe kati

Ɗauki wata takardar da ta ɗan gaza jikin katin, ka ninke ta biyu. Daga bakin ninkin, yanka layi biyu a jere, tsawon kowanne santimita 2, tazararsu santimita 1 da rabi. Lanƙwasa harshen da ya fito gaba da baya, ka buɗe takardar, ka tura shi ciki da yatsa. Ya zama ɗan mataki. A gabansa za ka manna hoton ko siffar, sannan ka manna takardar a cikin katin, ban da matakin.

Lissafi ɗaya ne a nan. Tsawon yankan da tsayin siffar, idan aka haɗa su, kada su wuce faɗin katin daga ninki zuwa baki. A katin santimita 10.5 mai mataki na santimita 2, siffar ta tsaya a santimita 8, in ba haka ba kanta zai leƙo waje idan an rufe.

Mataki na 9: Idan shafin kundin hotuna ne

Kati ana kallonsa a ajiye, shi kuwa kundi ana so ya kai ga jikoki, kuma shafukansa suna kwana a danne da juna shekara da shekaru. Don haka dokokinsa sun fi tsauri.

Duk abin da zai taɓa hoto, takarda ko gam ko soso, ya zama wanda aka rubuta cewa babu asid a cikinsa. Kwalin katan da takardar jarida suna yin rawaya da daɗewa, kuma suna shafa wa abin da ke jikinsu. Salatif na yau da kullum shi ma yana bushewa ya bar tabo mai launin ƙasa. Kada ka sa soso kai tsaye a bayan hoto, shatinsa yana fitowa ta gaba. Fara ɗora hoton a kan takarda mai kauri da ta fi shi faɗi kaɗan, ita za ka ɗaga. Hoton da ba ka da irinsa kuwa, a wanko maka kwafi ka yi aiki da shi, ainihin ka adana.

Na taɓa sa maɓallin ƙarfe a tsakiyar wani fure, shafin ya yi kyau ƙwarai. Bayan 'yan watanni na buɗe kundin, na tarar maɓallin ya bar rami a goshin mahaifiyata a hoton da ke fuskantarsa. Hoton bai gyaru ba. Tun ranar, duk abu mai tauri, maɓalli ko dutsen ado ko ƙullin zare, sai na rufe shafukan biyu na duba inda zai sauka kafin na manna. Tudun shafi kuma ba na bari ya haura milimita 3 ko 4.

Babban shafi na inci 12 da 12, wato kimanin santimita 30.5 kowane ɓangare, yana ba ka fili, amma ka riƙa sauya inda kake tara ado. Idan kowane shafi tudunsa yana kusurwa ɗaya, kundin zai kumbura ta gefe guda ya ƙi rufuwa. Sa siraran kwali a gindin shafukan, wajen ɗaurin, don bayan kundin ya yi kauri daidai da gabansa. Ledar da ake zura shafi a ciki ta zama ta nau'in robar da ake kira folifurofilin, ka guji ta robar PVC don tana lalata hoto. Kundin kuma a tsaye ake ajiye shi kamar littafi a kanta, ba a jibga wani abu a kansa.

Mataki na 10: Ambulan

Kafin ka rufe, kwantar da katin ka ɗora rula a kan wuri mafi tsayi ka auna kaurin duka. Gidajen waya da yawa iyakar kaurin wasiƙa ta ƙa'ida a wurinsu milimita 5 ne ko sama da haka kaɗan, kuma injin da ke tace wasiƙu yana matse su. Katin da za a aika ta gidan waya ka yi masa tudu da tarin takarda irin na mataki na 5, ka bar furanni masu siffa ga wanda za ka miƙa hannu da hannu.

Yanka kwali daidai fuskar katin ka ɗora a kai kafin ka zura, don kada bakin ambulan ya kama ganye ya yage shi. Idan katin ya yi kaurin da ambulan ke matsewa, ɗauki wanda ya fi girma da mataki ɗaya, ko ka naɗa masa ɗan akwatin kwali mai zurfin santimita 1. Ka kuma tabbata gam ya bushe sarai, aƙalla awa ɗaya, domin ɗigon da bai bushe ba zai manne katin da cikin ambulan, mai buɗewa ya ɗaye furen da hannunsa.